Ko Ya Halatta Mutum Ya Wahal da Dabba Domin Wasa?

Ya mai karatu, akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana damun mutanen kirki a ƙasashe da yawa. An ba ɗan Adam iko bisa dabbobi: yana hawansu, yana aza musu kaya, yana shan nononsu, yana kuwa yanka su domin abinci. To, ina iyakar wannan iko? Ko ya kai har mutum ya wahal da dabba domin a yi dariya, ko domin a tafa masa? In kuwa bai kai ba, wa zai tsaya wa dabbar, tun da ya ke ba ta da bakin kai ƙara? Za mu duba wannan magana ta wurin wani wasa na mutanen Amurka wanda a ke ce da shi rodeyo, gama a kansa an yi gardama mai yawa, an shiga majalisu da ɗakunan shari'a, an kuma kafa dokoki waɗanda za mu ƙaru da su.

I. Asalin wasan

Sunan nan daga harshen Sifen ya fito, ma'anarsa kuwa a kewaye shanu a tattara su wuri ɗaya. Mutanen Sifen ne suka kai shanu da dawaki ƙasar Meziko, daga can kiwo ya bazu zuwa yammacin Amurka da Kanada. Makiyayan can, waɗanda a ke kira kaboyi, bisa dawaki su ke kiwo, shanunsu kuwa a sake su ke cikin makeken daji, ba su saba da hannun mutum ba. Sabo da haka in za a yi wa maraƙi lalas, watau shaida da ƙarfe mai zafi, ko kuwa za a yi masa magani, tilas mahayi ya bi shi a guje, ya jefa masa igiyar zarge, ya kā da shi, ya ɗaure. In an kamo doki wanda ba a taɓa hawa ba, tilas wani ya zauna bisa bayansa yana tutsu har ya horu. Wannan duka aikin neman abinci ne.

Da aka jima sai makiyaya suka fara gasa tsakaninsu, a ga wanda ya fi gwaninta. Mutane suka riƙa taruwa kallo, aka gina fili, aka sa kuɗin shiga da ladan wanda ya ci. An yi irin wannan taro a garin Prescott cikin shekara ta 1888, aka fara na Cheyenne a 1897, na Calgary kuwa, a Kanada, a 1912. Na Calgary ɗin kwana goma a ke yi cikin watan Yuli, a yawancin shekaru kuwa mutum fiye da miliyan ɗaya su kan halarta.

Wasannin iri iri ne. Akwai hawan doki mai tutsu, da sirdi ko babu, da hawan bijimi. A nan sai mahayi ya daure sakan 8 bai fāɗi ba, yana riƙe da hannu ɗaya. Kafin a buɗe ƙofa a kan ɗaura wa dabbar ɗamara a kwiɓi domin ta ƙara tutsu da harbi. Akwai kokawa da sa, inda mahayi ya ke dirowa daga doki a guje, ya kama ƙahonin san, ya murɗe wuyansa har ya kwanta. Wanda ya san hawan ƙaho na mahauta a ƙasar Hausa ba zai rasa gane irin wannan bajinta ba. Akwai zargen maraƙi, akwai kuma tseren kekunan dawaki, dawaki huɗu ga kowane keke, wanda aka fara a Calgary a 1923.

II. Abin da ke samun dabba

Bari mu tsaya a kan zargen maraƙi, gama shi ne aka fi yin gardama a kansa. Maraƙin ɗan watanni ne, nauyinsa kilo 100 ko ya ɗan fi. A kan sake shi ya fita a guje, mahayi ya bi shi, ya zarge wuyansa. Dokin ya ci birki, igiya ta miƙe, maraƙin da ke cikin gudu ya tsaya farat ɗaya da wuyansa. Sa'an nan mahayi ya sauko, ya ɗaga shi, ya buga da ƙasa, ya ɗaure ƙafafunsa uku. Sai ɗaurin ya yi sakan 6 bai kwance ba kāna a lissafa masa. Wanda ya fi sauri shi ne da kuɗi. A shekara ta 2016 waɗansu masana na jami'ar Queensland a Ostareliya suka auna jinin 'yan maruƙa a cikin irin wannan wasa, suka tarar alamun firgita sun ƙaru a jininsu. Tseren kekuna kuma yana cin rai: a Calgary, cikin taron 2019 kaɗai, dawaki 6 suka hallaka ta dalilinsa.

Amma adalci ya wajaba ko ga wanda mu ke zargi. Masu wasan su kan ce dawaki da bijimai masu tutsu tun daga iyayensu aka zaɓe su domin wannan hali. Su kan ce dabbobi ne masu tsada ƙwarai, mai su ba ya son ko ƙwarzane ya same su. Aikinsu na 'yan sakan ne, sauran kwanakinsu kuwa suna kiwo. Ɗamarar dawaki kuma a kan naɗe ta da fatar tunkiya mai gashi. Su kan ƙara da cewa in an lissafa yawan fitowar dabbobi a fili, waɗanda su ke jin rauni kaɗan ne. Akwai gaskiya cikin wannan, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Abin da za mu koya a nan shi ne wasannin ba ɗaya su ke ba. Bijimi mai kilo 700 wanda ya watsar da mahayinsa ya tafi abinsa, da maraƙi wanda aka fizge wuyansa, ba za a auna su da mudu ɗaya ba.

III. Ma'auni huɗu

Da me za mu auna? Ga abu huɗu, kowane mai hankali kuwa yana iya gwada su da kansa.

Na fari, dabba tana jin zafi, tana kuma jin tsoro. Wanda ya taɓa jin kukan saniya ranar da aka raba ta da ɗanta ba ya bukatar shaida. A 1789 wani masani na Ingila, Jeremy Bentham, ya nuna cewa abin da ya sa dabba ta cancanci a kula da ita shi ne iyawarta ta shan wahala, ko da ya ke ba ta magana, ba ta kuwa lissafi. Wanda ya halicci jijiyar da ke kai zafi cikin jikinka, shi ne ya halicci tata.

Na biyu, mahayi da yardarsa ya shiga fili. Ya san bijimi yana iya tattake shi, mahaya da yawa kuwa sun karye, waɗansu sun mutu. Amma shi ya zaɓa, in ya ci kuma kuɗi da suna nasa ne. Maraƙi ba a shawarce shi ba, ba shi da rabo cikin lada. Duk wanda aka sa cikin haɗari ba da yardarsa ba, alhakinsa yana wuyan wanda ya sa shi. Mutanenmu su kan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya kan bi.

Na uku, akwai bambanci tsakanin zafi na tilas da zafi na nishaɗi. Makiyayi a daji ya kan kā da maraƙi sau ɗaya domin shaida ko magani, ya kan yi a hankali kuwa, gama in ya karya shi dukiyarsa ya karya. A fili agogo ne ke mulki. Sauri a ke biya, saurin nan kuwa shi ne ke fizge wuya. Sabo da haka wanda ya ce wasan aikin makiyaya ne kawai aka nuna wa jama'a bai faɗi gaskiya duka ba: dalilin da ya halatta aikin an bar shi a daji.

Na huɗu, abin da mutum ya saba kallo ya kan gyara zuciyarsa ko ya ɓata ta. A 1751 wani mai zane na Landan, William Hogarth, ya fitar da zane huɗu a jere, suna nuna yaro wanda ya fara da azabtar da kare, ya girma yana dukan doki, daga baya ya kashe mutum. Masanin nan na Jamus, Immanuel Kant, shi ma ya koyar cewa mai taurin zuciya ga dabba zai yi taurin zuciya ga mutane. Ba mu ce kowane ɗan kallo mugu ne ba; yawancinsu iyali ne masu neman hutawa, masu ƙaunar dawaki. Amma yaron da ya ga dubban manya suna tafi sa'ad da ƙaramar dabba ta bugu da ƙasa, ya koyi wani abu ranar nan, ko da ba wanda ya yi nufin koya masa.

IV. Dalilin da ya sa a ke bukatar doka

Wani zai ce, in haka ne a yi wa mutane gargaɗi mana, me ya kawo hukuma? Amsa ita ce gargaɗi ya kan kama mai kunya, amma inda kuɗi da kirari suka haɗu kunya ta kan yi ƙaranci. Mai rauni wanda ba ya iya kai ƙara, in doka ba ta ambace shi ba, ba shi da kowa.

Mutanen Ingila sun daɗe da gane wannan. A 1822 wani ɗan majalisa daga ƙasar Ayalan, Richard Martin, ya sa aka kafa doka mai hana zaluntar shanu da dawaki da tumaki. A 1824 shi da William Wilberforce da wani limamin ekklesiya, Arthur Broome, tare da waɗansu, suka kafa ƙungiya a Landan domin hana zaluntar dabbobi, ita ce daga baya aka sani da RSPCA. A 1835 aka haramta wasan cuna wa bijimi karnuka, wasan da kakanninsu suka yi shekaru ɗaruruwa suna yi. A Amurka kuma Henry Bergh ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin New York a 1866.

Sa'ad da wani Ba'amurke, Tex Austin, ya kawo rodeyo filin Wembley na Landan a 1924, aka ji wa waɗansu shanu rauni a gaban jama'a, ƙungiyar RSPCA ta kai ƙara. Ba ta ci shari'ar ba. Amma bayan shekara goma, a 1934, majalisa ta kafa doka wadda ta hana zargen dabbar da ba a hore ba, da kokawa da ita, da tsokanarta ta hanyar mugunta domin ta yi tutsu a gaban 'yan kallo. Da wannan wasan ya rasa wurin zama a ƙasar.

A Amurka mahaya da kansu suka kafa ƙungiya a 1936, wadda tun 1975 a ke kiranta PRCA. Tun 1947 ta fara rubuta ƙa'idodi domin dabbobi. Cikinsu akwai cewa ƙaimi ya zama marar kaifi, a naɗe ƙahonin san da za a zarga, likitan dabbobi kuma ya kasance a wurin. Wannan abin yabo ne. Amma yana da giɓi biyu. Ɗaya, ƙananan tarurruka da yawa ba su ƙarƙashin ƙungiyar, ƙa'idarta ba ta kai gare su ba. Na biyu, ba daidai ba ne wanda ya ke cin riba ya zama shi kaɗai ne alƙali, shi ne kuma mai lissafin raunuka. Ko amintaccen mutum, alheri ne a gare shi a sa wani ya duba littafinsa, domin amincinsa ya tabbata ga kowa. Don haka dokar jihar Kalifoniya ta ce likitan dabbobi ya kasance a fili ko kusa inda za a kira shi, in kuwa ya yi jinyar dabbar da ta ji rauni ya sanar da hukumar likitocin dabbobi cikin sa'a 48 bayan an tashi.

Hanyoyin da hukumomi suka bi uku ne. Waɗansu sun hana wasan, kamar Ingila a 1934 da birnin Vancouver na Kanada a 2006. Waɗansu sun sa ido kawai, kamar yadda muka gani. Waɗansu kuwa sun ɗauki wasannin ɗaya ɗaya suka tace. Jihar Rhode Island a Amurka ta ce in za a zargi maraƙi sai da igiya mai kuɓucewa, watau wadda ta ke sakin sirdi da zarar ta miƙe, maraƙin ya wuce da gudunsa ba a kā da shi ba. Jihar Victoria a Ostareliya ta hana zargen dabbar da ba ta kai kilo 200 ba, da haka 'yan maruƙa suka fita daga fili. Kalifoniya ta haramta zarge ƙafafun doki a guje domin a kā da shi, a 1994. Masu taron Calgary kuma, daga 2022, suka rage kekunan tsere daga huɗu zuwa uku a kowane zagaye domin a sami sarari.

A ganinmu hanya ta uku, haɗe da sa ido na wanda ba shi da rabo cikin riba, ita ta fi kusa da adalci, ga kuwa ƙa'idarta. A tambayi kowane wasa: in an cire zafin dabba daga cikinsa, wasan yana nan? In yana nan, a cire zafin, a bar mutane da gwanintarsu. Igiya mai kuɓucewa ta nuna gwanin jifa sarai, ba tare da an taɓa wuyan maraƙi da ƙarfi ba. In kuwa wasan ba ya yiwuwa sai an fizge, ko an murɗe, ko an buga da ƙasa, to, zafin nan shi ne wasan, ya kamata a bar shi ko da jama'a suna sonsa.

V. Amsa ga masu musu

Akwai masu cewa, wannan gādonmu ne. A arewa maso gabashin Barazil akwai wasa inda mahaya biyu su ke sa bijimi a tsakiya, ɗaya ya kama wutsiyarsa ya fizge har ya fāɗi. A watan Oktoba na 2016 kotun ƙoli ta ƙasar, da alƙalai 6 a kan 5, ta soke dokar jihar Ceará wadda ta halatta shi, domin ta ga akwai zalunci a ciki. Makiyaya suka yi zanga-zanga, a 2017 kuwa majalisa ta gyara tsarin mulki, ta ce wasan da aka lissafa cikin al'adun ƙasa ba za a kira shi zalunci ba muddin akwai dokar da ke kula da lafiyar dabbobin. Ka lura, ya mai karatu: majalisa tana da iko ta sāke sunan abu, amma wutsiyar bijimin ba ta san an sāke ba. Al'ada abar girmamawa ce, tana haɗa 'ya'ya da kakanni. Duk da haka daɗewar abu ba ta wanke shi ba. Mutanen Ingila sun bar cuna wa bijimi karnuka, ba su kuwa daina zama mutanen Ingila ba.

Akwai masu cewa, abincin mutane da yawa yana cikin wasan nan. Gaskiya ne, shi ya sa mai kafa doka ya kamata ya saurari makiyaya, ya ba da lokaci, ya fara da abin da ya fi muni. Gyara ba ya kashe kasuwa: taron Cloverdale a Kanada ya bar wasannin zarge da kokawa da sa a 2007 bayan mutuwar wani maraƙi, bai kuwa watse sabo da haka ba.

Akwai masu cewa, ai kuna cin nama, ina bambanci? Mun riga mun rarrabe tilas da nishaɗi. Ko mahauci ma a kan bukace shi ya wasa wuƙarsa, ya gaggauta, kada ya ƙara wa dabba wahala a banza. In akwai zalunci a mayanka, shi ma a gyara shi. Laifi ɗaya ba ya zama hujjar wani.

Akwai kuma masu cewa, mutane suna fama da yunwa da yaƙi, ku kuwa kuna zancen maraƙi. Ka tuna Wilberforce, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen yaƙi da cinikin bayi, shi ne ya zauna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar dabbobi. Jinƙai ba ya raguwa domin an raba shi. Wanda ya saba yinsa ga ƙarami, hannunsa ya fi sauri ga babba.

VI. Abin da ya rage gare ka

Doka tana da iyaka. Tana ganin fili ranar taro, amma ba ta ganin garken da a ke koyon jifa, inda a ke zarge maraƙi ɗaya sau da yawa ba likita, ba ɗan kallo. A can ba abin da ke tsare dabba sai halin mai igiya. Haka kuma ya ke a gidan kowa. Watakila ba za ka taɓa ganin rodeyo ba, amma ma'aunin nan huɗu suna aiki duk inda mutum ya ke da iko bisa abin da ba ya magana: jaki mai gyambo a baya wanda aka ƙara wa kaya, doki wanda linzami ya yanke wa baki domin a burge 'yan kallo, tsuntsu wanda yara suka ɗaura wa zare suna ja.

Sabo da haka in an kira ka kallon wasa da dabba, ka tambayi kanka ko daɗinsa daga gwanintar mutum ya ke fitowa, ko daga wahalar dabbar. In na biyun ne, ka riƙe kuɗinka da tafinka, gama su ne ke ciyar da wasan. In ka ga yaro yana azabtar da ƙaramin abu, ka hana shi da taushi, ka kuma gaya masa dalili. In hukuma ta kawo doka mai kāre dabba, kada ka shiga cikin masu ba'a. Dabbar da ke hannunka kuwa ka ba ta ruwa da inuwa da hutu a kan kari, gama amana ce aka ba ka, Mai ba da amanar kuwa yana gani.